Galan Mai Sanyi

Ƙyauren soron gidanmu a Zaitawa ya girme ni, ya girmi Baba ma. Katako ne mai kauri, baƙi wuluk, kuma baƙin nan ba fenti ba ne. Tsohon baƙin mai ne, wanda aka juye daga injin mota, ake shafa masa saboda gara. Tun ina ƙarama na san duk ranar da Baba ya kai motarsa juye, to da galan zai dawo. Ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa, bai san komai a kanikanci ba, amma bai taɓa bar wa masu juye tsohon mansa ba. In ya tafi da ni, ni ce mai riƙon galan a hanyar dawowa. Yakan naɗe shi da tsumma ya ɗora mini a cinya, ɗuminsa yana ratsa zanina har mu iso bakin lungu. Washegari a nemo tsohon buroshi a bi ƙyaure da shi, gida ya ɗauki warin gareji, Umma ta wuni tana mita.

Umma ta rasu, aurena ya mutu, na dawo ɗakinta na zauna, ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata. Ina nan Baba ya faɗi a banɗaki wata safiya, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓarin hagu ya tafi, magana ta tafi, sai kalma ɗaiɗai da yake fizgowa da ƙyar. Mutumin da in yana ciniki ana jiyo shi daga layi na gaba, ya koma "ruwa", "a'a", "salla".

Likita ya ce abin da ya rage shi ne gashi, wato a riƙa gasa masa ɓarin ana motsa shi, kuma kada a riƙa tsallakewa. Saboda haka duk Litinin da Alhamis ƙanena, wanda ke da shago a kasuwa, yakan biyo da safe mu ɗora Baba a keken marasa lafiya, mu turo shi ta lungu har bakin masallaci inda motata take kwana, don lungunmu ko adaidaita sahu ba ya shiga. Mu kwantar da kujerar gaba, mu zaunar da shi, in gyara masa hula, ƙanena ya wuce kasuwa, ni in ja mu asibiti. Motar ƙarama ce, ta hannu, ba abin nunawa ba. Amma kujerarta ta gaba ita ce kaɗai wurin da Baba yake yarda a zaunar da shi a wajen gida, don in an rufe ƙofa ba mai sanin halin da yake ciki, sai dai a ga dattijo da hularsa ana ɗaga masa hannu.

Kuma gashin yana aiki. Mai gashin yakan naɗe hannun hagun da tawul mai ɗumi ya ce, "Alhaji, ka ji?" Da farko Baba sai ya kalli rufi. Daga baya ya fara gyaɗa kai. Wata Alhamis na ga yatsun nan da suka ƙudundune sun ɗan buɗe sun kama carbi, suka ja ƙwaya guda. Na fita baranda na yi kukana na dawo.

To, mota tana son juye, ni kuma ba ni da wunin da zan ɓata a garejin bakanikenmu, inda za a ce ki zauna Malama, sai an gama da wannan, sai an je an sayo wancan. Ga makaranta, ga jinya. Sai na ga wani sabon wuri a wajen Ƙofar Ruwa, fes da shi, an rubuta juye nan take. Ma'aikatan duk sun sa riga iri ɗaya, ga rami an yi masa siminti, ga galan-galan na sabon mai an jere sai ƙyalli suke yi. Na ce yau ga inda aka san darajar lokacin mutum.

Aka yi mini jagora na hau kan ramin. Na kama ƙofa zan fito, sai mai wurin ya matso. Mutum ne mai fara'a, da ƙaramin gemu da agogo babba.

"Hajiya, yi zamanki. Ƙasan nan duk maiƙo ne, kada ki ɓata takalmi. Yanzu-yanzu za mu sallame ki."

Ya tambayi unguwarmu, na faɗa. Ya tambayi gidan wa, na faɗa. Sai ya dafe ƙirji.

"Ashe Alhaji babanmu ne. Ai mahaifina a wurinsa yake yankan shaddar salla. Yaya jikin nasa? Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, nan gidanku ne."

Shi ke nan, ya ɗaure ni. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da nake nufi. Mutum ya kira ubanka babansa, ya yi masa addu'a, sannan ka fito ka tsaya masa a ka kana leƙen hannunsa? Ai ka ce masa ɓarawo ke nan ba ka buɗe baki ba. Kara muke ce wa abin, muna ma alfahari da ita. Ya kawo sabon galan har bakin taga, ya ɓalle murfin a gabana ya ce, "Kin gani, orijina ne, sil ɗinsa ma yanzu na fasa." Aka ɗaga bonet. Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai bayan bonet ɗin motata, ina jin ƙarar sifana ƙwal-ƙwal daga ƙasa.

Da aka rufe bonet na ce a ba ni tsohon man. Tun da safe da na ce wa Baba zan kai mota juye ya nuna wajen soro da hannun dama ya ce, "Ƙyaure."

Mai wurin ya yi dariya. "Ikon Allah, har yanzu akwai masu shafa wa ƙofa? Mutanen dauri ke nan." Ya zagaya bayan shago, ya ɗan jima, ya dawo da galan cike, ya sa mini a but da kansa.

A gida na kai wa Baba galan ɗin har bakin gado don ya ga na cika umarni. Ya miƙo hannun dama ya dafa shi. Ya sake dafa ɗaya gefen. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Sanyi."

Bazara ake yi, irin wadda bangon ɗaki ke huci har bayan magariba. Na taɓa goshinsa, ba zazzaɓi. Na kashe fanka, na ciro bargo daga akwati na lulluɓa masa. Ya fizge bargon da hannun dama ya yar a ƙasa, ya sake cewa, "Sanyi." Na ce, "To Baba, ga bargo na ba ka ka yar, me zan yi maka?" Ya juya fuska bango. Na ɗauka fushin ciwo ne, don an gaya mana masu irin wannan lalura suna da saurin fushi. Na ɗauki galan na kai soro, ƙanena ya shafa wa ƙyaure ranar Juma'a.

Haka aka yi ta yi. Duk juye in koma Ƙofar Ruwa, a ce Hajiya yi zamanki, a tambayi jikin Alhaji babanmu, a fasa murfi a bakin taga, a ɗaga bonet. In kawo galan gida, Baba ya dafa ya ce sanyi. Har mai gashi na gaya wa cewa Baba yana yawan jin sanyi, ya auna shi ya ce bai ga komai ba. Har kunun kanwa na riƙa dama masa ranar juye. Ban taɓa lura cewa ranar juye kaɗai yake jin sanyin nan ba, domin mai jinya ba ta da kan lissafin ranaku, abin da ke gabanta kawai take gani.

Motar kuwa ta fara sauya murya. Da safe in na tayar da ita sai ta yi wani kar-kar-kar kafin ta daidaita. Na koma na gaya wa mai wurin. Ya kara kunne ya ce fetur ɗin yanzu ne, duk gari haka ake kuka. Wani zuwan kuma, washegarin juye, wani malamin makarantarmu ya zaro mini ƙarfen gwada mai ya ce, "Malama, jiya kika ce an yi juye? Wannan ai ya yi baƙi da yawa." Ban tsaya an tashi ba na nufi Ƙofar Ruwa, raina a ɓace. A wannan karon na fito daga motar, maiƙo ko ba maiƙo, na nuna masa ƙarfen.

Ya karɓa ya duba, ya goge da tsumma, ya yi murmushin nan nasa.

"Hajiya, me ake ce wa man inji da Hausa?"

Na ce, "Baƙin mai."

"To. Kin taɓa jin an ce farin mai? Ai sunansa ke nan. Yana shiga inji yake komawa sunansa."

Ma'aikatansa suka kwashe da dariya, har da wani mai mota da ke jiran layi. Ni da nake cin abinci da Hausa, aka kayar da ni da Hausa a gaban maza, a bakin titi. Na san a raina amsar banza ce. Amma ban san inji ba, shi kuwa ya sani, ga shi ya rufe da cewa in gaida Alhaji babanmu. Na shiga mota na tafi ina cizon leɓe.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, muna hanyar gashi, Baba a gaba da farar hularsa. Mun zo daidai Shahuci jar fitilar mai ta kama a gaban sitiyari, injin ya yi wata ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, motar ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar hanya. Na murɗa makulli, shiru. Nan da nan aka cika mu da oda. Wani mai adaidaita ya leƙo ya ce, "Ai dama mace ce." Da ba don Baba yana gefena ba da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Mutane suka taimaka aka tura motar gefe. Na kira ƙanena, wayarsa ba ta shiga. Rana ta fara zafi, Baba yana gumi, na ce a tsayar mana da adaidaita mu ƙarasa. Wasu bayin Allah suka zo ɗaukarsa, da kyakkyawar niyya, amma ba su san yadda ake ɗaukarsa ba. Ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafa, hula ta faɗi, riga ta yaye, wando ya zame. Abin da muke ɓoyewa tun ranar da ya kwanta, ƙunzugun da muke ɗaura masa saboda fitsari, ya fito fili a bakin titin Shahuci. A cikin masu kallon akwai waɗanda suka san shi, har wani yana cewa, "Subhanallahi, Alhaji ne?" Na cire mayafina na rufa masa. Bai dube ni ba har muka je muka dawo.

Daga ranar, in an ambaci adaidaita sai ya ce "A'a." Duk cikin kalmomin da suka rage masa ba wadda take fita tsaf kamar wannan.

Aka ja motar zuwa garejin tsohon bakanikenmu, wanda na guje wa saboda jira. Ya ce inji ya buga. Ya kira ni in zo in gani da idona. Notin da ake kwancewa a ƙasan inji mai ya zubo, laka da tsatsa sun kama shi sun bushe, sai da suka sa ƙarfi kafin ya motsa. Abin da ya fito ba ya zuba, ɗiga yake yi guda-guda kamar kwalta. Filtar da ke tace man kuma tsohuwa ce, an dai goge bayanta tana ƙyalli. Ya ce, "Malama, wannan notin ya daɗe rabonsa da sifana. Ciko kawai ake yi miki a sama, shi ma ba na ce da sabo ba."

Ina tsaye ina kallon notin, a gefena ana yi wa wata mota juye. Man yana zubowa cikin wani yankakken jarka kusa da ƙafata, sai na ji hucinsa yana dukan idon sawuna. Ɗumin nan na sani. Shi ne wanda yake ratsa zanina ina yarinya, daga gareji har bakin lungu. Man da ya fito daga injin da ya yi tafiya da zafinsa yake fitowa, kuma ba ya hucewa tsakanin Ƙofar Ruwa da Zaitawa. Galan ɗin da nake kai wa Baba daga duro ake ɗebo shi a bayan shago, man motocin wasu ne da ya kwana ya wuni. Tsoho ya gane tun ranar farko da tafin hannu ɗaya, ya gaya mini da iyakar abin da bakinsa zai iya, ni kuma na lulluɓa masa bargo. Na nemi benci na zauna.

Na je Ƙofar Ruwa da notin da filtar a leda. Ban yi sallama da fara'a ba, ban amsa gaisuwar Alhaji babanmu ba. Na zazzage su a kan teburinsa na ce ya gaya mini yaushe rabon da a kwance wannan. Ya ce ba a nan aka yi ba. Na ce ban taɓa kai ta ko'ina ba. Ya ce to wataƙila ma'aikaci ne, akwai wanda ya kora kwanan baya, irin halinsa ke nan. Na ce galan ɗin da kake zagayawa baya ka ciko mini da hannunka fa, shi ma wanda ka kora ne? Sai ya sauke murya.

"Hajiya, ana kallonmu. Ki yi mana kara, ko don albarkacin Alhaji."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Karar da na yi masa ce ta zaunar da ni a bayan bonet yana cutata, yanzu kuma wata yake nema a kai. Kafin in ba shi amsa mutane sun taru, kuma kowa da abin da ya kawo: Hajiya a yi haƙuri, Hajiya a bar wa Allah, Hajiya ba girmanki ba ne tsayawa a titi. Ba wanda ya ce masa kai me ya sa. A garin nan wanda aka cuta shi ake taruwa a kansa, don shi ne yake ɗaga murya. Shi kuwa mai wurin, don ya nuna shi mutumin kirki ne, ya ce a gaban jama'a in na gyara motar in kawo zai yi mini juye kyauta. Har wani dattijo ya ce, "To kin gani, ya kyauta."

Da na ba da labari a ofishin malamai sai ga shi kowa da nasa. Wannan an manta ba a ɗaure masa noti ba, ya bi titi yana zubar da mai har ya kai gida. Wancan an sa masa filtar da aka yi wa fenti. Suna faɗa suna dariya, kamar labarin ruwan sama ya doke su. Ni ban iya dariyar ba, don ni ba inji kaɗai na rasa ba.

Neman wani injin ya ɗauki lokaci. Wanda aka fara samowa bai yi ba, aka mayar, aka jira wani. Damina ta shigo ta same mu muna jira. A tsakanin nan mun roƙi motar maƙwabta, an ba mu sau ɗaya, an ba mu sau biyu, daga nan sai ka fara jin ai yau an fita da ita. Motar abokin ƙanena kuma doguwa ce, sai an ɗaga Baba sama, ya ce a'a. Muka samu mai gashi da ke zuwa gida, yana zuwa in ya ga dama, ba kayan aiki sai hannunsa. Ina kallo yatsun nan da suka fara buɗewa suka koma suna naɗewa kaɗan-kaɗan, carbi ya koma hannun dama. Da na tambayi likita daga baya ko tsallaken ne ya jawo, ya ce ba zai iya rantsuwa ba, ciwon yakan yi haka. Shi likita ne, dole ya auna maganarsa. Ni ba likita ba ce, kuma na san wanda nake riƙe da shi a raina har yau.

Bayan motar ta tashi, da lokacin juyen farko ya yi, na kai ta garejin bakanikenmu na ce a bar ni in tsaya. Na tattare zani na tsuguna a gefen rami, ina kallo aka kwance noti, man ya zubo, aka cire filta aka miƙo mini ita a hannu. Masu wucewa suna kallon Malama a tsugune cikin maiƙo, ban kula su ba. Aka ɗura mini tsohon man a galan, na naɗe shi da tsumma, na ɗora a kujerar Baba, na kamo hanya ban tsaya ko'ina ba. A lungu rungume shi na yi, yana ƙona mini ƙirji ta cikin hijabi.

Na same shi a zaune an jingina shi da filo. Na ajiye galan a kan gado kusa da shi na ce, "Baba, ga na ƙyaure."

Ya dafa da hannun dama. Ya bar hannun a kai, ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Na ce, "Na gane, Baba. Na gane abin da kake faɗa." Sai ya sa hannun daman ya kamo na hagun a wuyan hannu, ya jawo shi da ƙyar, ya ɗora ƙudundunannun yatsun a jikin galan ɗin, inda ya fi zafi. Muka zuba wa hannun ido mu biyu.

Na tambaye shi yadda mai gashi yake tambayarsa. "Baba, ka ji?"

Ya jira, ya ƙara danna hannun. Sannan ya ce, "A'a."